Nasiha ga Mahukunta a kan Gina Ƙasa Bisa Ilmi

 Ya ku jama'a, malamai da almajirai, attajirai da manoma, da wakilan hukuma waɗanda suka halarta, Allah ya ba ku nasara, ku kasa kunne.

Ku sani, mahukuntanmu suna yawan faɗi a wannan zamani cewa suna nufin mayar da Nijeriya ƙasa wadda arzikinta ya dogara ga ilmin mutanenta fiye da fetur. Wannan niyya kyakkyawa ce, kuma wajibi ne ga wanda ya san wani abu ya taimake su da nasiha. Ni ban shiga makarantar boko ba, allo da tawada na sani, sai littattafan da na karanta gaban malamaina, da abin da na tambayi masana suka bayyana mini. Nasihata guda ce: ilmi ba ya zama na jama'a sai ya zo musu da harshen da suke ji, da rubutun da suke iya karantawa, ta bakin malamin da ba ya kwana da yunwa.

Ga hujja ta fari daga tarihin da muka gada. A zamanin Halifa Ma'amun na Bagadaza, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833 na Miladiyya, ilmin likitanci da lissafi da taurari yana cikin littattafan Yunanawa da Farisawa da mutanen Hindu. Masu iko ba su ce kowa ya koyi Yunananci kana ya san magani ba. Sai suka buɗe baitulmali, suka biya masu fassara irin su Hunainu ɗan Is'haƙ, aka juyar da littattafan zuwa Larabci. A nan Huwarizmi ya wallafa littafinsa na Aljabara, wanda har yau ɗaliban boko suke kiran wannan fanni da sunan da ya fito daga gare shi.

Hujja ta biyu daga gida take. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta san Larabci sarai, amma da ta so ilmi ya kai ga matan ƙauye sai ta rubuta da Fulatanci da Hausa cikin ajami. Ta zaɓi dattijan mata, ta naɗa su jaji, ta ba kowace malfa, su zo su ɗauki karatu su koma su koya wa 'yan'uwansu. Su ne 'Yan Taru. Ba ta gina ɗakin karatu ko ɗaya ba, ga shi kuwa tsarin ya rayu bayanta shekaru masu yawa.

Hujja ta uku daga nesa take, ƙasar Koriya ta Kudu, can gabashin Sin. Da yaƙinsu ya ƙare a 1953 tana cikin matalautan ƙasashen duniya, kuma ba ta da arzikin fetur. Amma tana da baƙaƙen rubutu nata, waɗanda wani sarkinsu mai suna Sejong ya fitar a 1446 domin talaka ya iya karatu cikin sauƙi. Daga 1954 zuwa 1958 suka yi yaƙi da jahilci da waɗannan baƙaƙe, suka cika makarantun firamare, kana a 1966 suka kafa babbar cibiyar binciken kimiyya. Ku duba jerin abin: karatun talaka da harshensa ya riga, cibiyar masana ta biyo baya. Yau wayar Samsung da ke aljihun wasunku daga kamfaninsu ta fito.

To mu fa? Ba a rasa shiri a ƙasar nan ba. A 1976 aka yi shelar ilmin firamare kyauta ga kowa. A 1999 aka sake ƙaddamar da shi a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004. A 2012 aka buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi ta Sakkwato, aka gina irinta fiye da 150 a faɗin ƙasa, amma da yawa cikinsu an bar su ba malami ba abinci. A 2023 aka kafa hukuma ta musamman domin almajirai da yaran da ba sa makaranta. Duk da haka, ƙiyasin UNESCO na 2022 ya ce yara da matasa wajen miliyan 20 ba sa zuwa makaranta. Dalili kuwa, kowane shiri yakan fara da bulo da kwano, ya manta da harshe da malami.

Saboda haka ga shawarata, fasali biyar.

Na fari, a koyar da yaro da harshen uwarsa a shekarun farko, Turanci kuwa a koya masa shi darasi mai zaman kansa, a hannun gwani. An jarraba wannan a ƙasar nan. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Ife suka koyar da yara shekara 6 da Yarabanci, aka gwada su da waɗanda aka juya zuwa Turanci da wuri, sai aka ga ba su kasa ba, har a Turancin ma. Hukuma ta amince da wannan tsari a 2022, kana a 2025 ta soke shi, tana mai cewa sakamakon jarrabawa ya yi rauni. Ina roƙon mahukunta su sake duba mas'alar. Shekara 3 ba ta isa a wallafa littattafai, a horar da malamai, a ga yaro ya fita aji shida ba. Wanda ya shuka gero ya tone shi bayan kwana bakwai ba shi da hujjar zargin iri.

Na biyu, a karɓi ajami a matsayin rubutu. Akwai alaramma wanda ya rubuta Alƙur'ani da ka, hizifi 60, ba gyara, ya je ofis a miƙo masa takarda a ce ya dangwala babban yatsa kamar wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba. Akwai dubban 'yan kasuwa da ke rubuta bashinsu da ajami. A 2007 aka cire ajami daga ƙananan takardun naira, a 2014 aka cire shi daga naira 100, alhali shi ne kaɗai abin da tsofaffi da yawa suke iya karantawa a jikin kuɗin. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A ƙidaya masu wannan rubutu, a daidaita ƙa'idarsa, a sa masana kwamfuta su sauƙaƙa buga shi a waya, a buɗe musu ajin dare na lissafi da boko. Wanda ya riga ya iya haɗa baƙi da wasali, koya masa rubutu na biyu aikin watanni ne.

Na uku, a kafa gidan fassara wanda baitulmali ke ɗauke da shi, ya juyar da ilmi mai amfani zuwa Hausa da Yarabanci da Ibo da Fulatanci da Barbarci da sauran harsuna. An taɓa yin irinsa a Zariya, inda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, da hukumar NORLA wadda ta buga littattafan yaƙi da jahilci a shekarun 1950. A Samaru akwai masana da ke fitar da ingantaccen irin masara da dawa da gyaɗa. Amma manomi yakan sayi kwalbar maganin ƙwari, bayanin gwargwadon ruwa da kwanakin da za a jira kafin girbi duk da Turanci, sai ya yi kintace, ya zuba wa wake, iyali su ci su kwanta. A wajabta wa duk mai sayar da magani, na mutum ko na gona, ya rubuta bayaninsa da harshen masu saye.

Na huɗu, a biya malami kafin a yi fenti. Dokar 2004 ta ware 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin ilmin farko, da sharaɗin jiha ta kawo kwatankwacin abin da za ta karɓa. Shekara da shekaru wasu jihohi sukan kasa kawo nasu, kuɗin yara ya zauna a Abuja. A riƙa buga sunan kowace jiha da abin da ta karɓa da abin da ta bari, a manna a ƙofar masallaci da coci da kasuwa, talaka ya gani ya tambayi gwamnansa.

Na biyar, kada a bar mata baya. Uwa ita ce ke auna wa yaro magani, ita ce ke jin karatunsa da dare. A nemi mata masu ilmi a kowace unguwa, a ba su horo da albashi, su shiga gidaje kamar yadda jaji suka shiga.

Sa'an nan ku 'yan'uwana malaman allo, akwai namu rabon. Ba daidai ba ne mu karɓi yaro ɗan shekara 6 daga uban da ba zai aiko masa da ko mudu guda ba, ya yini da kwano a bakin titi. Kuma kada mu hana almajiri lissafi da sana'a, domin rabon gado kansa ba ya yiwuwa sai da lissafi. In hukuma ta aiko da malamin boko tsangayarku, ku yi masa shimfiɗa, ku kuma nemi a rubuta haƙƙinku a takarda.

Ya ku wakilan hukuma, ku isar da wannan ga na gaba da ku. Wanda ya ji kuma ya gaya wa wanda bai halarta ba. Allah ya shiryi shugabanninmu, ya ba su mashawarta na gari, ya amfane mu da abin da muka sani. Haza wasalamu.