Malamin Daji Ma Ɗan Wata Ne

Ina gaida na Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa, ina gaida maƙwabtanmu na tsallaken iyaka, mutanen Magarya, waɗanda na san suna kama mu tangaram. Mai tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, mai ɗinkin hula ta ci gaba da ɗinkinta, kunne kawai zan ara.

Yau hirar tamu daga wasiƙa za ta tashi. Wata baiwar Allah ce daga wani ƙauye a ƙasar Babura ta sa 'yarta ta rubuto mana. Ta ce ɗanta na fari ya gama sakandare, shekara uku ke nan yana zaune. Sai wani mutum ya zo wa maigidanta da labarin wai za a ɗauki ma'aikatan gandun daji, kuma in an ba shi kuɗi zai samo wa yaron takardar kama aiki. Maigida ba shi da kuɗin, ya shigo ya dube ta, ita kuma abin da ta mallaka awaki huɗu ne da tunkiya ɗaya. Tambayarta biyu ce. Ta sayar ta bayar? Sannan wai shi aikin dajin nan aikin kirki ne? Don ita dai tun tana yarinya abin da ta sani game da malamin daji shi ne mai ƙwace gatari.

Yaya, ta farkon ba ta da tsawo. Kada ki sayar. Ki riƙe awakinki. Amma ki ba ni lokaci in faɗa miki dalili, don ki sami abin da za ki gaya wa maigida cikin ladabi idan ya dawo da maganar.

Bari mu fara da sanin waye malamin daji. Tun zamanin En'e akwai shi, yana ƙarƙashin hukumar sarki, yana tsaron gandun daji, yana ba da izinin sare itace. A shekarar 1963 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar namun daji, wadda ta ware dabbobin da ba a taɓa su sam, da waɗanda sai da lasisi ake farautarsu. Yau kuwa aikin hawa uku ne. A ƙaramar hukuma akwai masu kula da daji a sashen aikin gona. A jiha akwai Ma'aikatar Muhalli da ke Dutse, ita ke da alhakin gandayen jiha. A sama kuma akwai hukumar tarayya mai kula da manyan gandayen namun daji, wadda ma'aikatanta ke sa kaki, ana ba su horo irin na masu ɗamara. A cikin 2020 gwamnatin tarayya ta amince a ƙara gandaye 10 a kan nata, ciki har da fadamar Baturiya ta ƙasar Haɗeja a jiharmu, da Falgore a Kano, da Kogo a Katsina.

Wata za ta ce, to mu da muke cikin gida ina ruwanmu da Baturiya? Uwargida, ki tambayi kakar yaranki. Za ta gaya miki lokacin da ake ganin barewa da gada a bayan gari, lokacin da kukan kura ke hana yara fita fitsari da dare, lokacin da gauraka ke sauka a fadama. Ki tuna ungulu. Da can ko'ina aka yi yanka, kafin a gama fiɗa sun cika kan katanga. Yaushe rabonki da ganin ɗaya? Tun 2015 masana suka sa irin ungulun garuruwanmu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma cikin abin da ya cinye su har da masu kama su suna sayar da kai da ƙafa don haɗa magani. Ungulu kuwa ita ce mai kwashe mushe kafin ya ruɓe ya jawo ƙuda da karnuka da cuta. Tafiyarta asara ce da ke biyo mu har tsakar gida.

Haka itace. Mu da ke bakin iyaka mun san abin da farin 1973 da na 1984 suka yi wa ƙasar nan. Mun san iskar bazara da ke binne shuka da rairayi. Saboda haka ne aka yi ta dasa layukan darbejiya don tare iska, kuma saboda haka ne a 2015 aka kafa hukumar tarayya ta shirin nan na katangar itatuwa, wanda Jigawa ke cikin jihohi 11 da ya shafa. Amma dashe ba ya tsare kansa. In babu mai tsaro, abin da aka shekara 20 ana reno, dare ɗaya mai gawayi zai kwantar da shi. Ke ce kuma za ki fara ji a jikinki, ranar da ƙullin icen da kike saye ya ninka kuɗi, ko yaranki suka wuni a daji ba su cika igiya ba.

To kin ga ashe aikin amana ne. Wanda aka ba shi, an ba shi ajiyar dukiyar da har jikokinmu ke da rabo a ciki. Don haka abu uku ne ke sa a sami malamin daji nagari: yadda aka ɗauke shi, yadda aka koyar da shi, da yadda ake bin sawunsa.

Mu ɗauki na farko. Aikin gwamnati ba a sayar da shi a zaure. Idan za a ɗauki ma'aikata, hukuma ce ke sanarwa a fili, a rediyo ko jarida ko shafinta na intanet. Yaro ya cika takarda, ya kai shaidar karatunsa da ta ƙaramar hukumarsa, a kira shi a gwada shi. Aikin kaki kuma sai an duba lafiyar jikinsa, don mai sintiri a daji tafiyar ƙasa ce abincinsa. Duk wanda ya zo da dare ya ce a kawo kuɗi, ɗayan biyu ne. Ko dai ɗan damfara ne, ya karɓe kuɗin awakinki ya kawo takardar bogi, yaro ya je ya sha kunya. Ko kuma da gaske yana da hanya, to wannan ya fi muni. Yaron da aka saya wa aiki ya shiga da bashi a wuyansa. Ranar da ya tare motar gawayi aka miƙo masa na goro, zuciyarsa za ta ce masa ai ni ma biya na yi. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Da hannunki kin mai da ɗanki irin malamin dajin da kike tsoro kina yarinya.

Na biyu shi ne koyo. Mutane na ɗauka aikin daji ƙarfi ne da kulki kawai. A'a, ilimi ne mai zaman kansa. Akwai kwalejin tarayya ta koyon kula da namun daji a Sabuwar Busa cikin Jihar Neja, kusa da gandun Kainji. Akwai kwalejin tarayya ta aikin daji a Jos. Kusa da mu akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo a Dambatta, sannan Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Bayero ta Kano duk suna da sashen nazarin daji da namun daji. A kwaleji shekara biyu ake yi a sami ƙaramar difloma, a ƙara biyu a sami babba. Ana so yaro ya ci darussa biyar a jarrabawar gama sakandare, ciki har da Turanci da lissafi da darussan kimiyya. Can zai koyi sanin dabba da sawunta, da ƙidayar tsuntsaye, da renon iri, da yadda ake yi wa gobarar daji shinge, da abin da doka ta ba shi iko a kai da abin da ba ta ba shi ba. Zai kuma koyi magana da mutane, yadda zai zauna da makiyayi da manomi da Sarkin Baka a fahimci juna. Saboda haka Yaya, in har za a taɓa akuya, a taɓa ta don kuɗin jarrabawa ko na makaranta. Wannan kuɗi ne da ba ya ɓata. Kuma kada a ce sai ɗa namiji. 'Yan mata ma suna wannan karatu, suna aiki a ofis da wuraren renon itatuwa da ɗakunan bincike.

Na uku, bin sawu. Ko mutumin kirki ne, in aka jefa shi daji shi kaɗai, ba abin hawa, ba kuɗin sintiri, ba mai tambayarsa ina ka je yau, to an sa shi a gwaji mai wuya. Ku ji abin da ya faru a Yankari ta Jihar Bauchi, ɗaya daga cikin wuraren da ragowar giwayen ƙasar nan suke. An yi shekaru mafarauta na kashe giwaye don haurensu, har da ma'aikatan da suka rasa rayukansu a bakin aiki. A 2014 gwamnatin Bauchi ta haɗa hannu da wata ƙungiyar kare namun daji mai suna WCS. Aka sake horar da masu sintiri, aka ba su guzuri da kayan aiki da alawus a kan lokaci, aka kuma ba su 'yar na'ura mai nuna duk inda suka taka, yadda shugaba zai san wanda ya yi sintiri da wanda ya kwana a gindin bishiya. Kashe giwaye ya ragu ƙwarai. Dajin bai sake ba, abin da ya sake shi ne kulawa.

Ga kuma darasi daga maƙwabta. A Nijar, da can itacen da ke gonar mutum ma na hukuma ne, ma'aikacin daji kuwa tara ce sana'arsa. Sai manomi ya gwammace ya tumɓuke tsiro tun yana ƙarami don kada ya jawo masa magana. Daga wajen 1983 aka fara sabon salo a yankin Maraɗi, wanda suke kira sassaben zamani: manomi ya bar tohon da ya fito daga kututture, ya rage rassa, ya rene shi. A hankali hukuma ta sassauta, har dokar daji ta 2004 ta ƙara wa mutanen karkara iko a kan itatuwansu, ma'aikata da yawa suka koma masu ba da shawara. Yau ana ƙiyasta itatuwan da suka dawo a gonakin Nijar sun kai miliyan 200. Wadda maigidanta ke cin kasuwar Magarya ko Matamai ta tambaye shi yawan gawon da ke gonakinsu. Kun ga ma'aikaci ya fi amfani idan jama'a na ganinsa nasu ne.

To mu da ba ma fita, mene ne namu a ciki? Da yawa. Na ɗaya, ki sani duk tarar da hukuma ta ci mutum tana da rasidi. Idan aka tare yaronki ko maigida aka karɓi kuɗi, tambayar farko ita ce, ina rasidin? In babu, a kai maganar ga mai unguwa, ya kai ga dagaci, har hakimi, ko a je ofishin ƙaramar hukuma. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, tana da ofis a kowace jiha, ba a biyan ko kwabo. Amma fa a yi adalci: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Idan namu ne ya shiga gandu ya sari ɗanyen itace, kada mu tsaya muna tsine wa ma'aikacin da ya yi aikinsa.

Na biyu, kasuwar masu ɓarna a hannunmu take. Wadda aka ce ta nemo kan ungulu don a haɗa mata maganin kishiya ko na haihuwa, ta san kuɗinta ne ke sa a ɗana tarko. Matsalar haihuwa asibiti ake kai ta. Na uku, yaran nan masu danƙo. Idan ɗanki ya shigo da tsuntsun da ba ci za a yi ba, ko ya kwaso ƙwan shamuwa, kada ki yi dariya ki ce yaro ne. Ki zaunar da shi ki gaya masa shamuwa baƙuwar damina ce, iyayenmu ba sa taɓa ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na huɗu, murhu. Murhun laka mai rufaffen gefe ya fi na duwatsu uku tattalin ice, kuma ke da kanki za ki iya gina shi.

Wadda kuma Allah Ya sa ɗanta ko mijinta ke wannan aiki, ki zama mai bin sawunsa na farko. Kin san albashinsa. Ranar da ya shigo da buhun gawayi ko cinyar barewa ya ce kyauta aka ba shi, ki tambaye shi, kyautar me? Shugabansa na Dutse ba zai ga abin da ya shigo gidanki ba, ke za ki gani. Ki kuma riƙa yi masa addu'a, don aiki ne mai hatsari, masu shiga daji da makami ba sa wasa.

Yaya mai wasiƙa, ga amsarki. Aikin daji aikin kirki ne, in an shige shi ta ƙofa. Ki ce wa maigida ya je sakatariyar Babura da kansa ya tambaya ko da gaske ana ɗaukar ma'aikata. Yaron kuma ya ɗauko sakamakon jarrabawarsa a duba; in da gyara ya sake zama, in ya cika ya nemi gurbin karatu. Zai ɗauki lokaci, amma ranar da ya sa kakinsa ba wanda zai tare shi ya ce ka tuna ni na saya maka. Ki rubuto mana yadda kuka ƙare, muna jira.

Nan zan dasa aya sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A gaida maigida, a shafa min kan yara. Ku huta lafiya.