SHEKARA NAWA BAƘO ZAI YI KAFIN YA ZAMA ƊAN ƘASA?

Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne yawan shekarun da ƙasa takan ɗora wa baƙon da ya zauna cikinta kafin ta karɓe shi ɗan ƙasa. Na zaɓi Kanada don misali, domin cikin shekara uku kawai an tsananta wannan doka an kuma sassauta ta, kana ga 'ya'yanmu da yawa da suka nufi can neman ilmi da abinci.

Da farko dai ya kamata mu rarrabe abu biyu. Akwai mai izinin zama na dindindin, akwai kuma ɗan ƙasa. Mai izinin dindindin a Kanada yana iya zama inda ya so, ya yi aiki, ya je asibiti kamar kowa. Amma ba ya jefa ƙuri'a, ba ya tsayawa zaɓe, ba shi da fasfon ƙasar, kuma in ya aikata babban laifi ana iya korarsa. Har wa yau, in bai cika kwana 730 cikin ƙasar ba a tsakanin shekara biyar, izinin yana iya kuɓuce masa. Ɗan ƙasa kuwa ya tsira daga wannan duka. Saboda haka shekarun jiran nan ba ƙaramin al'amari ba ne ga wanda abin ya shafa.

Dokar farko ta 1947 ta sa shekara biyar. Cikin 1977 aka rage zuwa shekara uku daga cikin huɗun da suka gabaci roƙon mutum, watau kwana 1,095. Sai dai dokar ta ce "zama" ba ta bayyana ma'anarsa ba, nan fa alƙalai suka rarrabu. Cikin 1978 Mai Shari'a Thurlow ya yanke cewa wanda ya kafa gidansa da harkokinsa a Kanada mazauni ne, ko da karatu ya fitar da shi waje na ɗan lokaci. Cikin 1993 Mai Shari'a Muldoon ya ce a'a, sai a ƙirga kwanakin da mutum ya yi da ƙafarsa cikin ƙasar. Ta haka mutum biyu masu hali ɗaya sai wannan ya samu, wancan ya rasa, gwargwadon alƙalin da Allah ya haɗa kowa da shi.

Wani abin da ya ƙara hura wutar gardama shi ne yaƙin Lebanon na 2006. Gwamnatin Kanada ta kwashe mutane fiye da 14,000 daga can da kuɗin jama'a, sai aka shiga gunaguni cewa waɗansunsu fasfo kawai suka karɓa suka koma gida, ba su tuna Kanada sai ran wuya.

Cikin watan Fabrairu 2014 gwamnatin Jam'iyyar 'Yan Mazan Jiya ta Firayim Minista Stephen Harper ta kawo shirin doka mai lamba C-24, ta hannun Ministan Shige da Fice Chris Alexander. Shirin ya ce sai mutum ya yi shekara huɗu daga cikin shida, watau kwana 1,460, da ƙafarsa cikin ƙasar, kuma a shekara huɗu daga cikinsu kada ko wacce ta gaza kwana 183. A da, ɗalibi ko ma'aikacin da ya zauna kafin ya sami izinin dindindin ana ƙirga masa ko wane kwana a matsayin rabin kwana; aka soke wannan. Aka ce sai mai roƙo ya furta niyyar ci gaba da zama a ƙasar. Jarrabawar harshe da sanin ƙasa, wadda da ta tsaya kan 'yan shekara 18 zuwa 54, aka faɗaɗa ta daga 14 zuwa 64. Bugu da ƙari, aka ba gwamnati ikon ƙwace takardar ɗan ƙasa daga mai ƙasa biyu da aka kama da ta'addanci, ko cin amanar ƙasa, ko leƙen asiri. Shirin ya zama doka ran 19 ga Yuni 2014, sashen kwanakin ya fara aiki cikin Yuni 2015. A wannan tsakanin ne kuma kuɗin duba takarda ya tashi daga dala 100 zuwa dala 530.

Hujjar gwamnati ita ce abu mai daraja ba a samunsa da araha, kuma wanda ya daɗe cikin mutane shi ya fi sanin halinsu. A wuri ɗaya kam ta yi daidai: ta kashe rikicin alƙalai, kowa ya san kwana ake ƙirgawa. Masu suka kuwa suka ce an zalunci ɗalibin da ya shekara huɗu yana karatu yana biyan kuɗi, aka mai da shi kamar wanda ya sauka jiya. Suka ce an kuma raba 'yan ƙasa gida biyu, waɗanda ake iya ƙwace wa da waɗanda ba a iyawa.

Da Jam'iyyar Masu Sassaucin Ra'ayi ta Justin Trudeau ta ci zaɓe cikin Oktoba 2015, sai ta kawo nata shirin, C-6, cikin Fabrairu 2016. Ya zama doka cikin Yuni 2017, kuma tun daga ran 11 ga Oktoba na shekarar aka koma kwana 1,095, amma cikin shekara biyar. Aka soke sharaɗin kwana 183, da furta niyya, da ikon ƙwacewar nan. Aka mai da rabin kwana, iyakarsa kwana 365. Ke nan wanda ya yi shekara biyu yana karatu, saura shekara biyu gare shi bayan samun izinin dindindin, maimakon huɗu. Abin lura shi ne sabuwar gwamnati ba ta taɓa ƙa'idar ƙirga kwana da ƙafa ba. Abin da abokan hamayyarta suka gyara da kyau ta bar shi.

Ba Kanada kaɗai ba ce. Jamus ta rage nata daga shekara takwas zuwa biyar cikin 2024. Ingila kuwa cikin Mayu 2025 ta ba da shawarar ƙara jiran izinin dindindin daga shekara biyar zuwa goma ga yawancin baƙi. Wannan ya nuna mana cewa ƙofar nan ba ta tsayawa wuri ɗaya, zaɓe ke buɗe ta, zaɓe ke turo ta.

To, ina gaminmu da wannan? Na farko, duk mai ɗa ko ƙane a can ya gaya masa ya riƙa rubuta ranar fitarsa da ranar komawarsa, ya adana tsohon fasfo da takardun haraji. Zuwa ganin gida, ko zaman makoki, ko aikin Hajji, duk ana cire su daga lissafi. Kada iyaye su ga kamar ya guje su ne in ya taƙaita ziyara. Ran da kwanakinsa suka cika kuma kada ya yi jinkiri, gama wanda ya jira gobe yana iya tarad da sabuwar doka. Tsarin Mulkinmu na 1999, sashe na 28, bai hana wanda aka haifa ɗan Nijeriya riƙe ƙasa biyu ba.

Na biyu, mu dubi gidanmu. Sashe na 27 ya ɗora wa baƙo shekara 15 kafin ya roƙi zama ɗan Nijeriya, ninki biyar na Kanada. Amma shi baƙon ko ba komi ya san ranar da jiransa zai ƙare. Ku kuwa da kuke Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa tun 1916, ko Agege da Idi Araba a Ikko, 'yan ƙasa ne cikakku, sashe na 41 ya ba ku ikon zama ko ina. Duk da haka jikan da aka haifa nan, in ya je neman gurbin makaranta ko aikin gwamnati, sai a ce ya kawo takardar asalin ƙaramar hukumar da watakila bai taɓa gani ba. Haka kuma abin yake ga Bayarabe ko Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano. Cikin 2025 Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo shirin gyara da zai mai da wanda ya yi shekara goma a jiha ɗan asalinta, amma suka ta yi yawa har ya janye shi cikin Yuli na shekarar.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Amma wanda ya gina gida, ya biya haraji, ya binne iyayensa a gari, ya wuce a kira shi raɓa. Ana iya gardama kan shekara uku, ko goma, ko goma sha biyar. Abin da ya kamata mu roƙi wakilanmu shi ne a sa adadi sananne, a rubuta shi cikin doka, ya hau kan kowa, Kudu da Arewa.

Allah ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya sa albarka cikin nemanmu. Wassalamu alaikum.