Amsar Wasiƙa: Faifan Bala Miller Ba Na Zubarwa Ba Ne

 

Wasiƙar yau ta fito ne daga Kamazou, can ƙetaren kogin Kaduna ta kudu, daga wani bawan Allah mai sayar da hatsi. Ya ce a cikin kayan da mahaifinsa ya bari, Allah ya jiƙansa, ya tarar da faifan garmaho na Bala Miller, wanda ke ɗauke da waƙar Ikon Allah. Ƙannensa sun ce ai kiɗan Turawa ne, a haɗa da tarkace a ba 'yan gwangwan. Yana tambaya, shin kiɗanmu ne ko kuwa baƙo ne?

To malam, kada ka kuskura ka rabu da shi. Bari ka ji dalili.

Shi Bala Miller asalin gidansu Zariya ne, amma a Pankshin aka haife shi cikin 1928. Ya daɗe a Ikko, inda ya yi hulɗa da manyan makaɗa irin su Victor Olaiya. A 1977, shekarar bikin FESTAC, ya tara matasa ya kafa ƙungiyarsa a nan Kaduna, faifan da ke hannunka kuwa ya fito ne a 1979. Dattawa ba su manta da shirinsa na talabijin ba. Ya rasu a 2003.

Gaskiya ne, kayan kiɗan na waje ne: jita mai aiki da lantarki, da ƙahonin ƙarfe, da gangunan Turawa. Amma kai da ke auna hatsi, ka dubi masara. Daga nahiyar Amurka ta fito, yau kuwa wa zai ce tuwon masara abincin baƙi ne? Ƙasarmu ce ta raine ta, matanmu suka tuƙa. Haka wannan waƙa take. Harshen namu ne, zancen ikon Allah kuwa babu wanda ya fi manomi saninsa, shi da ke zuba iri ya ɗaga kai yana duban gabas.

Su ma Turawan haka suka yi. A Ingila cikin 1969, ƙungiyar Fairport Convention ta ɗauko tsofaffin waƙoƙin ƙauyukansu ta ɗora su a kan jitar lantarki, har yau kuma suna alfahari da wannan faifai. Ikon Allah ma, a 2001 wani kamfanin Ingila ya sake buga ta cikin zaɓaɓɓun waƙoƙin Nijeriya. Su nema, mu zubar? Ai da kunya.

Idan ka samu inda za ka saurara, ka ji ta sau uku. Na farko ka bi kalmomi. Na biyu ka bi ganga da jita mai kaurin murya, su ne turken waƙar. Na uku ka lura da inda masu busa ke shigowa, kamar yadda kakaki ke ratsa kiɗan fada.

Wajen ajiya kuwa, ka tsayar da faifan tsaye cikin kwalinsa, nesa da rana da murhu, don zafi na lanƙwasa shi. Ƙura, da ƙyalle mai laushi za ka share. Ka kuma kira ƙannen naka su zauna su ji abin da mahaifinku ke so, kafin su yanke hukunci.