Katin Asibitin Tsofaffinmu: A Tambayi Wanda Ya Sani Kafin A Zaɓa

'Yan uwana mata, iyayen gida da amare, ya maigida, ya yara, ya kuma jikin tsofaffi? Allah ya ƙara musu lafiya da nisan kwana mai albarka, amin.

Da gangan na tambayi jikin tsofaffi, domin a kansu za mu yi magana yau. Da wuya ki shiga gida a garuruwanmu ba ki tarar da dattijo ko dattijuwa ba, ko uwar miji, ko mahaifinsa, ko kaka. Kuma mun sani, idan jiki ya motsa cikin dare ke ce mai tashi, ke ce mai dama kunu, ke ce mai tuna lokacin shan magani. To amma ranar da za a yi maganar yi wa tsohuwa katin asibiti na gwamnati, sai a gama komai a zaure, ke da kike jinyar ba a ji ta bakinki ba. Wannan shi ne abin da nake so mu gyara.

Bari in fara da labarin wata baiwar Allah da na sani. Uwar mijinta tana fama da hawan jini da ciwon sukari, kowane wata sai an sayi magani a kemis. Mijin ma'aikacin gwamnati ne, ana cirar masa kuɗin lafiya a albashi, saboda haka hankalin kowa a kwance, an ɗauka katinsa ya haɗa har da Hajiya. Ranar da ciwo ya tashi aka kwashe ta sai asibiti, nan aka duba aka ce ai babu sunanta. Akuyoyi biyu da matar nan take kiwo a tsakar gida, su aka sayar aka biya kuɗin gado da na magani. Bayan an sallamo su, cikin gaggawa maigidan ya ba wani abokinsa kuɗi ya yi wa Hajiya rajista. Shi kuwa abokin sai ya zaɓa mata asibitin da ke kusa da wurin aikinsa, can wani gefen gari. Yanzu ga kati a hannu, amma kuɗin A Daidaita Sahu zuwa da dawowa ya kusa kai kuɗin maganin. Kin ga an yi ba a yi ba ke nan. Ba mugunta kowa ya yi ba, tambaya ce kawai ba a yi ba.

To mene ne ma wannan tsari? Ku ɗauke shi kamar adashi. Mutane da yawa suna zuba kaɗan-kaɗan, wanda ciwo ya kama sai a yi masa magani daga cikin abin da aka tara. Bambancinsa da adashinmu na gida shi ne babu ranar kwasa. In shekara ta zagayo ba ki yi ciwo ba, ba za a maido miki da zubinki ba, ya tafi ga jinyar wani, ke kuma sai ki gode wa Allah da ya ba ki lafiya. Shi ya sa za ki ji ana kiransa taimakekeniya. Wadda kuma zuciyarta ba ta natsu da hukuncinsa ba, malamai suna nan, a aika a tambaye su.

Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin inshorar lafiya na ƙasa, wanda aka sani da NHIS, a shekarar 2005, kuma ma'aikatanta ne suka fi cin moriyarsa. A 2014 aka sa hannu a kan dokar lafiya ta ƙasa, wadda ta ce a riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kula da lafiya a matakin farko. A 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka, hukumar ta koma NHIA. Wannan doka ta wajabta shiga tsarin a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin masu rauni, wato yara 'yan ƙasa da shekara 5, da masu juna biyu, da masu buƙata ta musamman, da marasa galihu, da kuma tsofaffi. Jihohi ma sun kafa nasu hukumomin. A Kano akwai KSCHMA, wadda aka yi dokarta a 2016, a Kaduna akwai KADCHMA, a Jigawa akwai JICHMA, haka sauran jihohi kowace da tata.

Kun ga ke nan ƙofar ba ɗaya ba ce, kuma nan ne ake rikicewa. Ƙofa ta farko ita ce ta ma'aikaci. A tsarin tarayya, katin ma'aikaci yana ɗaukar shi kansa, da matarsa ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Iyaye ba sa ciki, sai dai in an je an ƙara sunansu an biya musu daban. Ƙofa ta biyu ita ce ta wanda ba ya aikin gwamnati, kamar ɗan kasuwa ko manomi ko mai sana'ar hannu. Shi zai biya kuɗin shekara da kansa, ko 'ya'ya su haɗa su biya wa iyayensu, ko dai a hukumar jiha ko a shirin tarayya mai suna GIFSHIP wanda aka fito da shi a 2020. Ƙofa ta uku ita ce ta marasa ƙarfi, wadda gwamnati ke biya gaba ɗaya, ana duba mutum a ƙaramin asibitin mazaɓarsa. Sai dai ita wannan gurabenta a ƙidaye suke, ba duk wanda ya nema ne yake samu a lokaci guda ba. Wanda kuma ya yi ritaya, kada a ɗauka tsohon katinsa na aiki yana nan da rai, a je a bincika.

Wace ƙofa ce ta dace da tsohuwar gidanku? Ni da nake magana a nan ba zan iya yanke miki ba, domin kuɗin da ake biya yana canzawa, kuma ƙa'idar wannan jiha ba ita ce ta waccan ba. Abin da maƙwabciya ta gaya miki a gidan suna wataƙila gaskiya ne shekara uku da suka wuce, yau kuma an sauya. Saboda haka a nemi mutum na kusa wanda aikinsa ke nan. Hausawa suka ce matambayi ba ya ɓata.

Su wa za a tambaya? Akwai shugaban ƙaramin asibitin unguwarku, ko malamar asibitin da kike zuwa awo wurinta. Akwai jami'in da ke zaune a teburin masu kati a manyan asibitoci, shi kullum abin da yake yi ke nan. Akwai kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda ke sa ido a kan asibitin unguwa, kuma akan sa mata a cikinsa. Akwai mai unguwa da dagaci, waɗanda sukan san lokacin da aka zo rubuta sunayen marasa ƙarfi. Sannan akwai ofishin hukumar jiha da na NHIA a babban birnin jiha, inda maigida ko babban ɗa zai iya zuwa da ƙafarsa.

Na san wata za ta ce, to ni da ba na fita fa? 'Yar uwa, zaman gida bai hana ki wannan ba. Matan nan ma'aikatan lafiya da ke shigowa gida-gida lokacin rigakafi ko duba masu ciki, ki shimfiɗa musu tabarma, ki ba su ruwa, ki tambaye su. In ba su sani ba, su faɗa miki wanda ya sani. Da izinin maigida kina iya karɓar lambar malamar asibiti ki kira ta a waya. In kuwa shi ne zai je ofis, to kada ya tafi hannu rabbana. Ki zauna da daddare ki rubuta masa tambayoyi, da boko ko da ajami, ko ki sa ɗanki ɗan makaranta ya rubuta. Ki kuma haɗa masa kwalayen magungunan da Inna take sha da katinta na asibiti a leda ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a jinyar tsohuwa ke ce mai ɗakin.

Ga tambayoyin da nake ganin bai kamata a baro ofis ba a yi su ba. Na farko, Inna ta cancanci shiga tsarin kyauta, kuma daga shekara nawa ake lissafa mutum a matsayin tsoho a jiharmu? Na biyu, in biya za a yi, nawa ne a shekara, a ina ake biya, kuma yaushe ake sabuntawa? Na uku, waɗannan magunguna da ke cikin ledar nan, wanne ne tsarin yake bayarwa, wanne ne za mu ci gaba da saya? A tsarin ma'aikatan tarayya, misali, mara lafiya yakan biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, to a ji yadda abin yake a wanda za a shiga. Na huɗu, cututtukan tsufa fa, irin su yanar ido, da ciwon gaɓoɓi, da matsalar fitsari ta dattawa maza, da shanyewar ɓarin jiki, da wankin ƙoda? Wanne ake yi duka, wanne ake raba kuɗin, wanne ne babu shi sam? Na biyar, daga ranar rajista sai an jira kwana nawa kafin kati ya fara aiki? Wannan tambaya tana da muhimmanci ƙwarai, domin akasari akwai lokacin jira, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Na shida, in ciwo ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, wa zai ba da takardar tura mu babba, kuma in cikin dare ne ko ranar hutu yaya za a yi? Na bakwai, in an je an ce babu magani, ko an wulaƙanta mu, wa za mu kai wa kuka?

Sai maganar zaɓen asibiti, inda baiwar Allahn nan da na ba ku labari ta sha wahala. Lokacin rajista akan sa mutum a asibiti guda, can ne zai riƙa zuwa. Kada girman gini ko sunan asibiti ya ruɗe ku. A duba wanda tsohuwa za ta iya kaiwa ba tare da an jijjiga ta a hanya ba, wanda ake samun ma'aikaci da daddare, wanda ke da abin awon jini da na sukari. A kuma tambaya, in an ga bai yi ba, bayan wata nawa ake iya canzawa.

Kada kuma a manta da mai jikin. Tsufa ba hauka ba ne. Ki durƙusa ki ce, "Inna, ana so a yi miki katin asibiti, wanne kika fi so a riƙa kai ki?" Wataƙila ta ce ita mace take so ta riƙa duba ta, ko ta ce wancan asibitin layinsa ya yi mata tsawo. In an yi da yardarta, ba za ki sha fama da ita ranar zuwa ganin likita ba. Shi ma maigida a san yadda za a shigar masa da maganar. Ba lokacin da ya shigo a gajiye ba, a bari ya ci abinci ya huta, sannan ki ce, "Malam, na lissafa abin da muke kashewa a maganin Inna wata-wata, ko za a bincika mana maganar katin nan?" Lissafin nan ki yi shi tun kafin ki buɗe baki, domin namiji ya fi jin magana in ya ga lamba.

Ina kuma ja mana kunne. Duk inda aka ce ga abin gwamnati, sai 'yan damfara sun biyo. Wanda ya shigo unguwa ya ce a ba shi kuɗi zai sa sunan tsohuwa a tsarin kyauta, a tambaye shi katin shaidar aikinsa, a kuma tuntuɓi mai unguwa. Kowane kuɗi aka biya a karɓi rasit a adana. Ana neman lambar zama ɗan ƙasa, wato NIN, wajen rajista, saboda haka in tsohuwa ba ta da ita a fara yi mata. Amma kada a karanta wa baƙon da ya kira a waya wannan lamba, balle lambar sirri ta banki. Mai ba da shawara na gaskiya ba ya gaggauta ki, ba ya jin haushin tambaya, kuma zai faɗa miki abin da tsarin ba ya yi kamar yadda ya faɗa miki abin da yake yi. Wanda ya ce miki komai da komai kyauta ne, to a nemi na biyu a ji ta bakinsa.

Ba zan ɓoye muku ba, katin nan ba ya raba mutum da kashe kuɗi ɗungurungum. Wata rana za a je a tarar da layi, wata rana a ce wani magani ya ƙare. Amma gidan da ke sayen maganin hawan jini da na sukari kowane wata ya san sauƙin da ke cikin a ce an ɗauke masa ko da rabi ne. Kuma tsohuwar da ake auna jininta a kai a kai ta fi wadda sai ta faɗi ake ɗaukarta.

Saboda haka aikin da zan bar mu da shi a wannan mako ƙarami ne. Yau da daddare ki tattara kwalayen maganin tsohon gidanku, ki lissafa kuɗinsu na wata, ki rubuta tambayoyin nan bakwai, ki kuma nemi sanin sunan shugaban asibitin unguwarku. Wadda ta ji wannan bayani ta isar wa abokiyar zamanta da maƙwabciyarta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah ya ba mu ikon kyautata wa iyayenmu da iyayen mazajenmu, ya sa mu ma 'ya'yanmu su ji ƙanmu ranar da ƙarfi ya ƙare.