Kwana Biyu a Tiga da Aboki: Shin Ɗan Zamfara Ma Ya Cancanci Hutu?

Kamar yadda aka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda 'yan'uwa da datarsu ba ta kai ta sauraro ba.

Yau maganar hutu za mu yi. Eh, hutu. Na san wani zai ce, "Malam, mu da ke Zurmi da Shinkafi da Ƙaura, wane hutu kuma?" Yi haƙuri ɗan'uwa, ka bi ni zuwa ƙarshe, don saboda kai na ɗauko zancen.

Mu fara da faɗa wa kanmu gaskiya. Yayyenmu sun tashi a lokacin da samari za su ɗauki keke su tafi bakin gulbin Gagare ko Bunsuru, su wuni, su dawo bayan magariba, babu mai tambaya. Ranar Alhamis kasuwar Shinkafi ta cika maƙil da baƙi har daga Nijar. Ƙaura Namoda kuwa nan ne ƙarshen layin dogon da ya taso daga Zariya tun 1929. Mu mutanen hanya ne, mutanen tafiya. To yau fa? Kun tuna Satumban 2021, da aka yanke layukan waya a faɗin Zamfara aka rufe kasuwannin mako-mako? Wanda yake da shekara 20 yanzu, kusan rabin rayuwarsa ya yi ta ne kunne a tsaye.

Kuma abin bai tsaya ga tsoro kaɗai ba, ya warwatsa abota. Wanda kuka yi firamare tare yana Gusau, wani Sakkwato, wani Kano, wani ya ƙetara Maraɗi. An ce zumunci a ƙafa yake, mu namu ya koma "ya kake" a WhatsApp.

Shi ya sa ni da wani abokina na ƙuruciya, wanda yanzu yake zaune a Kano, muka yanke shawarar haɗuwa. Ba biki, ba ta'aziyya, haɗuwa kawai. Muka zaɓi Tiga.

Me ya sa Tiga? Ai muna da namu. Ga dutsen Kwatarkwashi da kake hangowa a bakin titi in ka fita Gusau za ka Funtuwa. Ga madatsar Bakalori wajen Talatar Mafara, da aka kammala a 1978. Amma dukkanmu mun san ba kyawun wuri ake fara tambaya ba yanzu, hanya ake fara tambaya. Shi kuma Tiga ya haɗa abu biyu da muke nema: ruwa da duwatsu.

Ga wanda bai sani ba, madatsar Tiga tana kudu da birnin Kano, ta ɓangaren Bebeji da Rano. An gina ta tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, a kan kogin Kano. Lokacin da aka gina ta, in ta cika tana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Shinkafa da tumatir ɗin da ake nomawa da rani a Kura da Kadawa da Bunkure, ruwan Tiga ne ke shayar da su. Wato in ka taɓa cin miyar tumatirin Kano, akwai yiwuwar ka riga ka sha Tiga ba ka sani ba.

Na tashi Juma'a da sassafe, na kwana Kano wajensa. Asabar da hantsi muna bakin ruwa. Jama'a, ruwa ne iya ganinka, ga duwatsu sun yi masa ƙawanya, ga masunta cikin kwalekwale suna jefa birgi. Muka hau wani dutse muka zauna, muka sayi soyayyen kifi da yaji, muka buɗe hira. Wa ya yi aure, wa ya rasu, gonar wa ce ba a noma ba shekara uku.

Ana cikin haka sai ga ƙarar babura ta bayanmu. Wallahi mu biyu lokaci guda muka yi tsit, muka waiga. Ashe 'yan kifi ne za su kasuwa. Ya dube ni, na dube shi, muka fashe da dariya. Can sai ya ce, "Aboki, ka ga abin da aka mayar da mu?" Daga nan ne hirar gaskiya ta fara. Ya faɗa mini abubuwan da shekara da shekaru bai iya faɗa a waya ba, ni ma na sauke nawa. Ka gane? Ba ruwan ne maganin ba. Ruwan wuri ya ba mu da za mu zauna awa biyar babu mai kallon ƙofa.

To in kai ma kana so, ga abin da zan ce maka.

Na ɗaya, hanya. Da rana ake tafiya, daga tasha, cikin motar da aka sani. Ka tambayi direbobi labarin hanya a safiyar ranar, ba na jiya ba. In suka ce a dakata, a dakata. Tiga ba ta gudu.

Na biyu, iyaye su san inda za ka da wanda za ka haɗu da shi. Amma Facebook ba sai ta sani ba. Hoto ya jira har ka dawo gida.

Na uku, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Iya iyo a gulbin garinku daban, madatsa daban. Kada ka shiga kwalekwalen da aka cika wa kaya, kuma ka nemi rigar kariya. Mun tuna ƙarshen Nuwamban 2021 a Bagwai, da jirgi ya kife a ruwan Watari aka rasa rayuka da dama, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Allah Ya ji ƙansu.

Na huɗu, tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga dodon koɗin da ke zama a ruwa kwantacce, ta shiga ta fata. In bayan wanka a irin wannan ruwa ka ga jini a fitsari, asibiti za ka, akwai maganinta. Mafi sauƙi dai ka zauna a tudu ka sha kallo.

Na biyar, kuɗi. Ku yi karo-karo tun kafin a tashi, kowa ya san nasa. Kada a je neman zumunci a dawo da ƙullaci. Lokaci mafi daɗi kuwa bayan damina ne, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya cika, gari kore shar, hazo bai sauko ba.

Saura mai cewa, "Ana cikin wannan hali kuna yawon shaƙatawa?" Na fahimce ka, kuma ban raina zafin da ke ranka ba. Amma duba: an hana mu gona, an hana mu kasuwa, an hana mu barci. In muka bari aka raba mu da junanmu ma, me ya rage? Mai hutawa ba mantawa ya yi ba, ƙarfi yake tarawa.

Kuma ba dole sai Tiga ba. In aljihu bai kai ba, ko inuwar darbejiya ce a Gusau ta isa, in dai za ku kife waya ku dubi juna. Akwai abokin da ya faɗo maka a rai tun da na fara magana. Kira shi yau, ku sa rana.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya nuna mana ranar da bakin Gagare za mu yi wannan hirar. Sai mako mai zuwa, ku huta lafiya.