Dusar Ƙanƙara a Ajin da Bai Taɓa Ganinta Ba



Da aka ce in zo in yi magana a kan koyar da kimiyya ga yara ƙanana, na so in kawo hanzari, domin a cikin wannan zaure akwai waɗanda suka riƙe alli tun ba a haife ni ba. Abin da ya sa na amsa shi ne wata kunya da na sha bara, lokacin da aka tura mu koyarwar gwaji a wata makarantar firamare.

An ba ni aji huɗu, darasin kuwa zagayowar ruwa ne. Kowa a nan ya san hoton da ke cikin littattafanmu: ga teku, ga rana, ga kibiyoyi suna hawa sama, ga gajimare, sa'an nan can gefe ga wani dutse da farin abu a kansa kamar rawani. Na zana shi a allo, yara suka kwafa. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mene ne wannan farin?" Na ce dusar ƙanƙara ce. Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "To, Malam, wa ya yi surfen?" Aji ya fashe da dariya. Ni kuwa, don in fita kunya, na ce ai ƙanƙarar damina ce ke farfashewa a hanya kafin ta iso ƙasa. Yara suka rubuta. Sai da na koma ɗakin karatu da yamma na gane cewa abin da na sa yara sama da sittin suka rubuta ba gaskiya ba ne.

Yarinyar nan ta fi ni bin hankali. A gidansu dusa daga turmi take fitowa, saboda haka in an ce dusar ƙanƙara, lalle akwai wata babbar ƙanƙara da aka surfa. Sunan da muka ba abin ya dace da kamanninsa, amma yana ɓad da yaro game da asalinsa, kuma ya ɓad da malaminsa ma.

Bari mu raba su. Ƙanƙarar da ke faɗowa da damina, wadda ke kwankwasar kwanon rufi ta kuma yaga ganyen masara, a cikin hadari mai tsawa take samuwa. Iska mai ƙarfi tana tunkuɗa ɗigon ruwa sama zuwa inda ake tsananin sanyi, ya daskare, wasu ɗigon su yi ta mannuwa a jikinsa suna daskarewa, har ya yi nauyin da iskar ba ta iya riƙe shi. Wanda ya tsaga babba daga ciki zai ga ɓawo a kan ɓawo kamar albasa. Mutanen Jos sun fi mu saninta. Dusar ƙanƙara kuwa daga tururi take samuwa kai tsaye. Tururin ruwa da ke cikin iska, idan ya sami sanyin da ya wuce digiri sifili ya kuma sami ɗan ƙwayar ƙura da zai kama, sai ya zama ƙanƙara nan take, ba tare da ya bi ta zama ruwa ba. Ƙwayar ta yi ta girma a hankali tana fid da rassa. Shi ya sa ba ta da nauyi, galibinta iska ce. A ƙiyasin da aka saba yi, tulin sabuwar dusa mai kaurin santimita 10, in ya narke, ruwan santimita 1 ne kacal.

To, me ya kai mu koya wa yaron Kano ko na Maraɗi abin da watakila har ya tsufa ba zai taka ba? Wasu abokaina sun ce a cire dutsen daga hoton a huta. Ban yarda ba, ga kuma dalilina.

Iska tana ƙara sanyi gwargwadon yadda aka yi sama, kusan digiri 6 da rabi a kowace kilomita. Mu ɗauki wani yammaci na watan Agusta a Kano, zafi yana digiri 30. Yaron aji biyar ma zai iya wannan lissafi: kafin a kai kilomita 5 a sama an riga an kai sifili. Hadarin damina kuwa kansa yakan kai kilomita 15. Watau mafi yawan tsawon wannan baƙin hadari da muke gani ya taso daga gabas yana cikin sanyin daskarewa, kuma ƙwayoyin ƙanƙara da dusarta suna nan jingim a cikinsa. Suna faɗowa, su ratsa iska mai ɗumi, su narke, su iso mana a matsayin ruwan sama. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Tor Bergeron, shi ya yi fice wajen bayyana wannan tun a shekarun 1930. Ba kowane ruwa ke bin wannan hanya ba, akwai yayyafin da ke fitowa daga gajimare mai ɗumi. Amma kaso mai yawa na ruwan da ke raya geronmu, da ƙanƙara ya fara. Ashe dusar nan ba baƙuwa ba ce, kowace damina tana bisa kanmu, narkewa take yi kafin mu gaisa.

Da a ce muna da dutsen da ya kai can, da mun gan ta da idonmu. Dutse mafi tsawo a Nijeriya, Chappal Waddi na Jihar Taraba, mita 2,419 ne, kusan rabin abin da ake bukata. Kilimanjaro na Tanzaniya kuwa mita 5,895 ne, shi ya sa yake da farin rawani alhali yana daf da tsakiyar duniya. A 1848 wani Bajamushe, Johannes Rebmann, ya aika wa Turai labarin cewa ya hango dusar ƙanƙara a kansa, wasu masana labarin ƙasa a Landan suka ƙaryata shi, wai ba ta yiwuwa a ƙasar zafi. Nakan tuna da wannan in na ga ana yi wa yaro dariya don ya yi tambaya. Ƙanƙarar kan dutsen ma ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 tun daga 1912. Har cikin Sahara dusa ta sauka a garin Ain Sefra na Aljeriya a 1979, ta sake sauka a 2016 da 2018.

Akwai wani abin da yara ke so ƙwarai, shi ne siffar ƙwayar. Kusurwa shida gare ta, domin ƙananan ƙwayoyin ruwa idan za su daskare jeruwa suke yi a zobe mai gefe shida. Johannes Kepler ya rubuta ɗan littafi a kan wannan tambaya a 1611, tun ba a san amsarta ba. Wani manomi a jihar Vermont ta Amurka, Wilson Bentley, ya haɗa kyamara da madubin ƙara girma ya ɗauki hoton ƙwaya ɗaya a 1885, kafin rasuwarsa a 1931 ya tara hotuna fiye da 5,000. A 1936 kuma Ukichiro Nakaya na Jami'ar Hokkaido a Japan ya shuka ƙwayar dusa a ɗakin bincike, a kan silin gashin zomo. Ya nuna cewa sanyi da laimar iska su ke yanke siffar: wajen digiri 5 ƙasa da sifili allurai take fitowa, wajen digiri 15 ƙasa da sifili kuwa tauraro mai rassa. Hotunan Bentley suna nan a intanet, malami mai waya zai iya nuna su. Daɗin daɗawa, ƙurar Sahara tana cikin irin ƙurar da ƙanƙara ke kamawa a cikin gajimare, kuma iska takan kwashe ta har Turai, kamar yadda ta rina dusar duwatsun Alps ta yi ja-ja a watan Fabrairun 2021. Yaron da ya san hazon hunturu ya riga ya san rabin wannan labari.

Yanzu sai yadda za a koyar, wanda shi ne ainihin abin da ya tara mu.

Mako na biyu na koma ajin na ce su soke abin da suka rubuta, Malam ya yi kuskure. Na ajiye hoton, na shigo da faranti. Muka zuba ruwa a faranti biyu, ɗaya a rana, ɗaya a inuwa, muka yi wa bakin ruwan alama da alli. Kafin tashi na ranar ya ja baya sosai. Na tambaye su ina ya tafi. Wani ya ce faranti ya shanye, wata ta ce rana ta shanye, wani ya ce akuya ce. Ban yanke musu hukunci ba, na ce mu rufe faranti na uku da farar leda mu gani. Da suka ga ɗigo ya taru a cikin ledar, su da kansu suka ce ruwan tashi yake yi. Kada a raina wannan gwaji. Da kwanon ruwa da ma'auni Edmond Halley ya ƙiyasta yawan ruwan da ke tashi daga teku a 1687, shekaru 13 bayan Pierre Perrault ya auna ruwan sama a saman kogin Seine na Faransa ya nuna cewa ya isa ya ciyar da kogin. Kafin su, masana da yawa sun ɗauka ruwan teku ne ke bi ta ƙarƙashin ƙasa ya ɓullo a duwatsu.

Gwajin da ya fi tayar da gardama shi ne na zoɓo. Na kawo zoɓo mai sanyi a kofin silba, jim kaɗan bayan kofin ya jiƙe. Kusan duk ajin suka ce kofin ne ke yoyo, kamar yadda randa ke naso. Hujjarsu mai kyau ce, domin randa lalle naso take yi, ruwan da ya fito ya ƙafe ya tafi da zafi, shi ya sa take sanyi. Sai na ba yarinyar nan farin ƙyalle na ce ta goge bayan kofin. Ƙyalle ya jiƙe, amma babu ja ko ɗigo. In daga ciki ruwan ya fito, ina launin zoɓon? Daga nan suka yarda cewa iskar ajin tana ɗauke da ruwan da ido ba ya gani, yana sauka a kan abu mai sanyi, kamar raɓa a kan ciyawa da asuba. Wani abin lura ga malamai: farin hayaƙin da ke fita daga tukunya, wanda muke kira tururi, ya riga ya koma ƙananan ɗigo, ƙaramin gajimare ne. Ainihin tururin ba a ganinsa.

Sa'an nan muka zo kan dusar. Na sayi ƙanƙara wajen masu ruwan sanyi, muka farfasa ta a gwangwanin madara, muka zuba gishiri da yawa muka juya. Gishiri yana saukar da sanyin haɗin ƙasa da sifili, har yana iya kusantar digiri 21 ƙasa da shi. Bayan 'yan mintoci farin gari ya fara tsirowa a bayan gwangwanin, yara suna kankarewa da farce yana narkewa a yatsa. Wannan ba ita ce dusar da ke faɗowa daga sama ba, kuma na gaya musu haka, amma hanyar samuwarsu ɗaya ce, tururin iska ne ya zama ƙanƙara. A yi gwajin da damina. Da hunturu iska ta bushe ƙwarai, malami zai iya tsayawa da gwangwani a hannu babu abin da ya fito, ya sha irin kunyar da na sha. Duk kuɗin da na kashe bai kai na kwanon abinci ɗaya ba.

Wani yaro ya ce ai Allah ne ke saukar da ruwa. Na ce ƙwarai kuwa, mu kuma muna duban hanyar da ruwan ke bi ne. Bai ƙara cewa komai ba, ban kuma ga alamar ya ji wani saɓani ba.

Inda nake ganin hoton littafin ya fi cutar mu shi ne ƙarshen zagayen. Kullum kogi ne ke gangarawa teku, alhali yaranmu ba su san teku ba, kuma ruwan Kano da Haɗeja ba can ya nufa ba. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna haɗuwa su zama Yobe, su nufi Tafkin Chadi, shi kuwa ba shi da kogin da ke fid da ruwansa zuwa teku. Wajen kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke shigarsa daga Shari da Logone yake zuwa, galibinsa kuma sama yake tashi, kamar na farantinmu. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka, ko da yake daga baya ya ɗan farfaɗo. Yaron da ya ga ruwa ya ja baya daga alamar alli zai gane wannan labari. Zai kuma gane cewa rijiyar gidansu ruwan damina ne da ya nutse cikin ƙasa, yana iya ƙarewa in ɗiba ta fi zubi. A cikin wannan zaure akwai waɗanda gobe za su sa hannu a takardar haƙa rijiyar burtsatse ko gina madatsar ruwa, kuma mafi yawanmu abin da muka sani game da ruwa shi ne wancan hoto da muka kwafa a aji huɗu.

Roƙona ga waɗanda za a tura koyarwar gwaji bana shi ne su bar zanen sai a ƙarshe, su sa yara su zana nasu da kududdufin unguwa, da rijiya, da hadarin gabas, su saka farar dusar a saman hadarin inda take. A ajina, yarinyar da ta yi tambayar surfe ta zana turmi a cikin gajimare, sa'an nan ta soke shi da jan biro. Na ba ta maki goma.

Shugaba, na ga ana nuna mini agogo.