Wa Ke da Rafin? Matsayin Ƙungiyoyin Gari a Tsarin Kula da Ruwa da Ƙasa



Tarihin madatsar ruwa ta Zobe ba sai na maimaita muku ba. An kammala madatsar a 1983, zamanin Shagari, sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin kai ruwanta Katsina. Abin da ya kawo ni shi ne tambayar da jami'an gwamnati ke kauce mata duk lokacin da muka haɗu: wa ke kula da ƙasar da ruwan Zobe ke gangarowa daga cikinta?

Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima tana da bangon madatsar da ƙofofinta. Hukumar ruwa ta jiha tana da famfo. Ƙaramar hukuma tana da iyakarta a taswira. Amma kogin Ƙaraduwa bai san Matazu ba, bai san Dutsin-Ma ba, kuma kwazazzabon da ya tsage gona a ƙasar Kurfi ba ya tsayawa a allon iyaka. Ku je bakin rafi bayan ruwan farko na damina, ku ɗebi ruwan a kwano, ku ajiye shi ya kwanta. Lakar da za ku gani a gindin kwanon fuskar gonar wani ce. Can sama aka sare kalgo da sabara, aka yi huɗa har gaɓar rafi, masu tifa suka kwashe yashi, gaɓar ta rufta. Duk wannan ƙasa cikin madatsa take kwanciya, kowace shekara tana rage wa ruwa mazauni. Injiniyan da ke Sakkwato ba zai iya hana wannan ba. Mai gonar da ke bakin rafin ne zai iya, shi da maƙwabcinsa, da ardon da shanunsa ke shan ruwa a mashayar.

Nan ne gurbin ƙungiyar gari. Hukumar kogi ta riƙe lissafin ruwa, jiha ta riƙe doka da kuɗi, ƙungiyar kowane rafi ta riƙe aikin yau da kullum: shuka jema da gamba a gaɓa, jera duwatsu a bakin kwazazzabo tun yana ƙarami, tsare burtali.

Abokan aikina na cewa an sha kafa irin waɗannan ƙungiyoyi sun mutu. Ba shakka sun mutu, domin don karɓar kayan shiri aka kafa su, shiri ya ƙare suka watse. Wasu kuma na fakewa da rashin tsaro. Ai rikicin mashaya da burtali na cikin abin da ya haifo shi. In kuna shakkar abin zai yiwu, ku leƙa Maraɗi da Damagaram, inda manoma suka farfaɗo da itatuwa a kusan hekta miliyan 5 ta hanyar barin tohon gawo da sauransu a gona, bayan sun tabbata itacen nasu ne.

Yanzu ga shirin ACReSAL, da dala miliyan 700 na Bankin Duniya, a jihohin Arewa 19 da Abuja. Kada mu sake tafka kuskuren baya. Shawarata huɗu ce. A kafa ƙungiya bisa bin rafi, ko da ya ratsa ƙananan hukumomi biyu. A zaunar da sarkin noma, sarkin ruwa, ardo da mata masu itace a cikinta. Majalisar dokokin jiha ta ba ta hurumin doka, a kuma ware mata wani kaso daga kuɗin ruwan Zobe. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ta riƙa auna lakar da ke shiga madatsar duk shekara, ta buga sakamakon da Hausa.

Masu shan ruwan Zobe a birni su biya masu tsare shi a ƙauye.